Mu San Ƙasarmu: Shetimari ta Bakin Komadugu

  

Yau za mu yi tafiya mai nisa, amma ba wanda zai biya kuɗin mota. Za mu nufi gabashin ƙasarmu Nijar, mu shiga jahar Difa, mu sauka a wata ƙaramar hukuma da ake kira Shetimari. Ku matso kusa da akwatin rediyo. Mai allo da alli ya ajiye su a gabansa, gama akwai abin da za mu rubuta a ƙarshe.

Na san wani zai ce: "Malam, ni mutumin Tawa ne, ina ruwana da Shetimari?" To, ga amsa. Tsarin ƙaramar hukuma iri ɗaya ne a duk faɗin ƙasar nan. Wanda ya gane ta Shetimari ya gane tasa. Bayan haka, mutanen Shetimari sun ga abin da ya kamata kowa ya ji labarinsa. Ruwa ya tashe su daga gidajensu. Yaƙi ma ya tashe su. A cikin wannan hali ne da yawansu suka gane amfanin sanin ƙofar hukuma, suka gane ranar takarda. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

INA SHETIMARI TAKE?

In ka tashi daga Yamai, sai ka kama babbar hanyar kwalta mai lamba 1, ka miƙe gabas. Za ka wuce Doso, da Birnin Ƙonni, da Maraɗi, da Damagaram, da Gure, da Maine-Sorowa. Daga Yamai zuwa garin Difa kilomita 1,360 ne, ko kusan haka. In ya rage kilomita ashirin da ƴan kai ka shiga Difa, to, ka iso Shetimari.

A takardun hukuma da Faransanci ake rubuta sunan, kamar haka: Chétimari. Kada wannan ya ruɗa ku. Su suna farawa da C da h, mu muna farawa da S da h. Sautin ɗaya ne.

Ƙasa kamar babban gida take: gida yana da sassa, kowane sashe da ɗakunansa. An raba ƙasarmu jaha jaha. An raba jaha gunduma gunduma. An raba gunduma zuwa ƙananan hukumomi, waɗanda muke kira komin. Bisa rabon da aka yi a shekarar 2011, jahar Difa tana da gunduma shida: Difa, da Boso, da Gudumariya, da Maine-Sorowa, da Ngurti, da Gigimi. Gundumar Difa kuwa tana da komin uku: ta birnin Difa, da ta Geskeru, da ta Shetimari.

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, an sami mutum 65,449 a komin ta Shetimari. Ta birnin Difa tana da 56,437. Ta Geskeru tana da 37,836. Ku duba waɗannan lambobi da kyau. Wace ce ta fi yawa? Ta Shetimari. Ashe komin ta ƙauye ta fi ta birni jama'a. Dalili shi ne, komin ba gari ɗaya ba ce. Shetimari mazaunin hukuma ne kawai. Akwai garuruwa da ƙauyuka da rugage masu yawa a ƙarƙashinta, kamar Gagamari, da Shetima Wangu, da Buduri, da Sayam.

Ƙasar Shetimari kashi uku ce. A kudu akwai kwarin kogi, ƙasa mai yumɓu da danshi. A tsakiya, wajen hanyar kwalta, jigawa ce, inda ake noman gero da wake. A arewa kuwa makiyaya ce, ƙasar ciyawa da rijiyoyi. A can, a Sayam, gwamnati ta kafa wurin kiwon shanun nan da ake kira Kuri, fararen shanu masu manyan ƙahoni, ƴan asalin tabkin Cadi.

Yawancin mutanen Shetimari Barebari ne, masu kiran kansu Kanuri. Akwai Mobar a bakin kogi, akwai Manga. Akwai Fulani masu kiwo. A kasuwa kuma za ka ga Hausawa, da Larabawa, da Tubawa.

KOGIN DA KE KAWO RUWAN NESA

Ruwan sama kaɗan ne a wannan yanki. A shekara bai cika wuce milimita 300 ba, wata shekara ma bai kai ba. Damina gajeriya ce, wata uku ta tattara. Da a ce da ruwan sama kaɗai aka dogara, da ƙasar ba ta ɗauki wannan jama'a ba. To, me ya riƙe su? Kogi.

Sunan kogin Komadugu Yobe. Kalmar "komadugu" ta Barebari ce, ma'anarta kogi. Bari mu bi shi tun daga tushe. A ƙasar Kano, cikin Najeriya, kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa, su zama kogin Haɗeja. Daga duwatsun Jos kuma kogin Jama'are yana gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci. Waɗannan biyu suna haɗuwa kusa da Gashuwa. Daga nan ruwan ya wuce Gaidam, ya wuce Damasak, ya wuce Difa, ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Tsawon kilomita 150, ko kusan haka, kogin shi ne iyaka tsakanin Nijar da Najeriya. Garin Damasak yana hayin kudu, ƙasar Shetimari tana hayin arewa, suna kallon juna.

Ga wani abin lura. Wannan ruwa ba ya sauri. A hanya yana bazuwa cikin manyan fadamun Haɗeja da Nguru, ya daɗe a can kafin ya ci gaba. Saboda haka ruwan da aka yi a Kano da damina, sai bayan watanni yake isowa Shetimari da ƙarfinsa. Yawancin shekaru kogin kan fara zuwa wajen watan Yuli. Ba ya cika ya batse sai damina ta wuce, daga Oktoba zuwa Disamba. Daga nan ya yi ta janyewa, har da bazara ya bar tabkuna nan da can.

Wannan jinkiri alheri ne ga manomi. Lokacin da gonar jigawa ta bushe, lokacin ne ta kwari take samun ruwa. Da injin ban ruwa ake noman shinkafa, da masara, da alkama, da albasa. Amma sarkin amfanin gona a nan shi ne jan tattasai. A yi renonsa, a dasa, a yi ta ban ruwa, a tsinka da ɗari, a shanya, a ɗura a buhu. Yawancinsa kasuwannin Najeriya ake kai shi. Saboda kuɗin da yake kawowa, har ana kiransa jan zinariya. Masunta ma suna samun kifi, dabbobi suna samun abin sha da ciyawa.

Sai dai ruwan da ya fito daga nesa, ba a hannunka yake ba. An gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aka gina ta Calawa a shekarar 1992, duka a ƙasar Kano. Abin da aka tare a can, da abin da aka saki, yana taɓa gonar mutumin Shetimari. Wannan ya sa dole ƙasashe su riƙa shawara da juna a kan ruwa. Tun shekarar 1964 Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru suka kafa Hukumar Tabkin Cadi don irin wannan shawara.

Kuma kogin da ke ciyarwa yakan yi ɓarna. A shekarun 2012, da 2019, da 2022, Komadugu ya yi ambaliya. Ya ci gonakin tattasai da na shinkafa, ya rushe gidaje, ya tashi ƙauyuka. Jama'a, ku riƙe wannan: a bakin Komadugu, ambaliya tana zuwa ko da sama garau take, ba hadari ko kaɗan. In kun ji sanarwa a rediyo cewa ruwa yana ƙaruwa, kada ku dubi sama. Ku dubi kogi, ku kwashe hatsi da yara zuwa tudu.

TARIHI A TAƘAICE

Bari mu fara da sunan garin. "Shetima" sarauta ce ta ƙasar Barno, wadda ake ba manyan malamai da mutane masu daraja. "Ri" kuwa, in ta zo a ƙarshen suna cikin harshen Barebari, tana nufin wurin wane, ko garin wane. Shetima da ri: Shetimari, wato garin Shetima. In kun kasa kunne, za ku ji garuruwa da yawa a wannan yanki suna ƙarewa da "ri".

Shekaru aru-aru wannan ƙasa tana cikin daular Barno. Wajen shekarar 1470 Mai Ali Gaji ya kafa babban birnin daular, Birnin Gazargamu, kusa da wannan kogi. Kufansa yana nan a hayin Najeriya, gabas da Gaidam, ba nisa ƙwarai da Shetimari. A nan Mai Idris Aloma ya yi sarauta, sarkin da sunansa ya kai har ƙasashen Larabawa. Fatake suna tashi daga nan su ratsa hamada ta Bilma. Ɗalibai suna zuwa neman karatun Alƙur'ani daga ƙasar Hausa. Kun ga ke nan, a wancan zamani bakin Komadugu ba ƙarshen ƙasa ba ne. Cibiyar ƙasa ne.

A shekarar 1808, zamanin jihadi, mayaƙan Fulani suka ci Gazargamu. Wani malami, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, shi ya tsaya ya ceci daular. A shekarar 1814 ya kafa Kukawa. A shekarar 1893 Rabe ya zo daga gabas da bindigogi, ya rushe Kukawa. A shekarar 1900 sojan Faransa suka kashe Rabe a Kusuri.

Daga nan Turawa suka raba ƙasar Barno. Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a shekarar 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ma'aikatansu suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka. Shugaban na Faransa shi ne Kyaftin Tilho. Arewacin kogi ya zama na Faransa, kudanci na Ingila. Kogin da ya haɗa jama'a ɗaya sai ya koma iyakar ƙasa biyu. Amma iyaka ba ta yanke zumunci ba. Har yau akwai wa a wannan hayi, ƙane a wancan. Ana auratayya, ana cin kasuwar juna.

Faransawa sun bar sarakuna a kan gadonsu, suka tsara ƙasa kanto kanto, kowane kanto da sarkinsa. Ta hannun sarakuna suke karɓar lanho da ɗibar mutane aikin dole. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami ƴancin kai. Dokar shekarar 1964 ta raba ƙasa manyan yankuna bakwai, Difa ta zama ɗaya daga cikinsu. A shekarar 2002 aka yi dokar da ta kafa komin a ko'ina cikin ƙasa. A nan ne Shetimari ta zama komin. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli na farko.

SHEKARUN WAHALA

Yanzu mun zo ga labari mai nauyi. Ranar 24 ga Nuwamba 2014 ƴan Boko Haram suka kama Damasak. Dubban mutane suka faɗa kogi, a lokacin da yake cike, suka hayo ƙasar Shetimari. Wasu ruwa ya tafi da su. Mutanen Shetimari da na Gagamari suka buɗe gidajensu, suka raba ɗan abin da suke da shi. A ƙarshen wannan shekara aka buɗe sansanin ƴan gudun hijira a Sayam.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Difa da Boso. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Aka hana hawan babur. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, don kada kuɗin ya faɗa hannun maharan. Sai a shekarar 2017 aka ɗage hanin tattasai. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse, mutanensu suka dawo bakin kwalta suka kafa bukkoki. Manomin da ya saba sayar da buhunan tattasai ya koma bin layin taimako. A Shetima Wangu an kashe sojojinmu bakwai a watan Fabrairu 2019, an kashe takwas a watan Maris 2020. A watan Afrilu 2021 aka sāke kai hari Damasak, jama'a suka sāke hayowa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

A shekarar 2021 gwamnati ta fara mai da mutanen jahar Difa ƙauyukansu. Amma komawa gida ba ita ce ƙarshen magana ba. Wanda ya koma, akwai tambayoyin da ke jiransa. Ina shaidar kai ɗan ƙasa ne? Ina shaidar wannan yaro ɗanka ne? Ina shaidar wannan gona taka ce? Ga inda sanin hukuma yake da rana.

WA KE RIƘE DA ME?

Iko a ƙaramar hukuma igiya biyu ce da aka tufka wuri ɗaya. Akwai sarauta, akwai gwamnati.

Ta wajen sarauta, a ƙasa akwai mai gari, wanda Barebari ke kira bulama. Sama da shi akwai sarkin kanto. Makiyaya ma suna da nasu shugabanni. Aikin sarakuna shi ne sulhu tsakanin mutane, musamman a kan gona, da ɓarnar dabbobi, da aure, da gado. Su ne suka san wa ya gāji wa. Suna kuma taimakawa wajen tara lanho. Amma sarki sulhu yake yi. In sulhu ya ƙi, sai a tafi gaban alƙali a Difa.

Ta wajen gwamnati, akwai gwamna a kan jaha, akwai firefe a kan gunduma. Waɗannan biyu gwamnati ke naɗa su. Sai komin, mai ofishi da muke kira meri. Bisa tsarin da aka fara a 2004, jama'a ne suka riƙa zaɓen kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari a cikinsu. A lokacin, sarakuna suna zama a majalisa su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. An yi irin wannan zaɓe a 2004, da 2011, da kuma ranar 13 ga Disamba 2020. Bayan canjin mulki na ranar 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi su riƙe komin. Mai zama a kujera ya canza, amma ofishi yana nan, littattafan hukuma suna nan, aikin ma yana nan.

Mene ne aikin meri? Rubuta haihuwa, da aure, da mutuwa. Kula da kasuwa da mahauta. Kula da rijiyoyi da famfuna. Gina azuzuwan makarantar firamare da ɗakunan shan magani. Tsabtar gari. Sa ido a kan filaye da burtalin dabbobi. Da wane kuɗi? Da lanhon da kuke biya, da kuɗin kasuwa, da abin da gwamnati ta ba da, da taimakon ƙungiyoyi.

TAKARDU UKU

Akwai takardu uku da nake roƙon kowane mai gida da kowace uwar gida su nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta farko, takardar haihuwa. Bisa dokar shekarar 2019, kwana 60 aka ba iyaye su sanar da haihuwa. Ana sanarwa a likita inda aka haihu, ko wurin wanda aka ɗora wa aikin a ƙauye, a kai maganar meri. Sanarwa kyauta ce. In kwanakin suka wuce, sai an bi ta wurin alƙali, ga tafiya, ga jira, ga neman shaidu. Yaron da ba shi da wannan takarda yakan sha wuya ranar jarrabawa. In ya girma, da ita zai nemi katin ɗan ƙasa. A bakin iyaka irin ta Shetimari, inda harshe ɗaya ne da sunaye iri ɗaya a hayi biyu, takardar ce ke faɗin ko kai ɗan wace ƙasa ne. Iyaye mata, wannan aiki naku ne ku ma. In an sha suna, ku tambayi mai gida: "An rubuta yaron?"

Ta biyu, takardar gona. A shekarar 1993 ƙasarmu ta yi dokar ƙasar noma da kiwo. A ƙarƙashinta aka tsara kwamitocin kula da filaye, da ake kira Kofo, daga ƙauye har komin da gunduma. A ƙauye, mai gari ne shugaban kwamitin. Ana rubuta shaidar gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina.

Bari in ba ku labarin wani ɗalibina, dattijo mai furfura, manomin tattasai. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya bar ƙauyensa na bakin kogi da iyalinsa, ya yi shekaru a bukka a bakin kwalta. Da hankali ya ɗan kwanta ya koma duba gonarsa, sai ya tarar da wani yana noma rabinta. Wannan mutum ba ɓarawo ba ne, shi ma ɗan gudu ne, wani ya ara masa. Itacen da ke kan iyaka an sare shi an yi girki. Kunyar da ta raba gonakin, ambaliya ta share ta. Tsofaffi biyu da suka san iyakar, ɗaya ya rasu, ɗaya ya yi nisa. Sai da aka yi zama bayan zama a gaban bulama kafin a sasanta, kuma shekarar nan bai dasa ko ƙwaya ɗaya ba.

Ranar da ya fara zuwa aji, na ce masa: "Baba, me ya kawo ka karatu da wannan furfura?"

Ya ce: "Malam, shaiduna uku ne: itace, da kunya, da tsofaffi. Gatari ya ci ɗaya, ruwa ya ci ɗaya, ƙasa ta ci ɗaya. Yanzu ina son shaidar da zan naɗe in sa a aljihu in gudu da ita. Kuma ina so in karanta ta da idona."

Yau Baba yana rubuta sunansa da na ƙauyensa. Ya daina dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Ta uku, rasidin lanho da na kasuwa. Duk kuɗin da ka ba hukuma, karɓi rasidi. Duba abu uku a jikinsa: sunanka, da yawan kuɗin, da kwanan wata. Rasidi yana kare ka kada a tambaye ka sau biyu. Yana kuma nuna kuɗin ya shiga asusun komin. Mai rasidi a hannu yana da bakin tambaya: "Ranka ya daɗe, mun biya, yaushe za a gyara famfon garinmu?" A yi tambaya da ladabi, amma a yi ta. Matambayi ba ya ɓata.

In kun sami takardun nan, kada ku cusa su a jinka, gara da ɗigon ruwa su cinye. Ku sa su a leda, ku ɗaure, ku ajiye inda hannu zai kai da dare ko ba fitila. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki hotonsu. Miji ya san inda suke, mata ma ta sani.

AIKIN WANNAN MAKO

To, jama'a, a ɗauki allo. Ku rubuta waɗannan kalmomi gaɓa gaɓa, kuna faɗi da ƙarfi:

She - ti - ma - ri
Ko - ma - du - gu
ko - gi
go - na
ta - kar - da

Sa'an nan ku rubuta wannan jimla: Na san garina, na san hukumata.

Masu lissafi, ga naku. Ku tara 65,449 da 56,437 da 37,836. Abin da kuka samu, shi ne yawan mutanen gundumar Difa a shekarar 2012. Ku nuna wa malaminku.

Ga kuma tambayoyin da za ku tattauna a aji:

1. Me ya sa Komadugu yake cika bayan damina ta wuce?
2. Mene ne ma'anar sunan Shetimari? Sunan garinku fa, wa ya san ma'anarsa? Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai.
3. Mene ne sunan komin ɗinku, da gundumarku, da jaharku?
4. Yara nawa ne a gidanku ba su da takardar haihuwa?
5. Gonar da kake nomawa, mene ne shaidarta?

Wanda ya tarar amsarsa ta huɗu ko ta biyar ba ta yi masa daɗi ba, kada ya ji kunya. Da yawanmu haka muke. Ranar kasuwa mai zuwa ya biya wurin mai gari, daga nan ya wuce meri, ya tambayi yadda ake yi.

Muna gaida mutanen Shetimari, da na Gagamari, da na Sayam, da duk na bakin Komadugu, hayi da hayi. Muna gaida malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu a duk inda suke. A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.